Ranar Da Aka Leƙa Cikina Da Fitila

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka. Sai in kira sunan jikan nan da na wancan kafin in dace da wanda nake nufi, hulata kuma na sha nemanta tana bisa kaina. Amma akwai abu guda da na tabbata ba zai bi sahunsu ba, wato shekarar da idanuna suka koma ruwan ɗorawa, har aka zura mini fitila ta maƙogwaro aka leƙo cikina. Wannan kam da shi za a kai ni makwanci. Mai karatu ya yi haƙuri da rubutun, bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi ina tsokanar masu wucewa.

Ni masunci ne, a wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Haɗeja da Auyo. In ruwa ya malala ina cikin kwalekwalena da birgi da mamari, kayan kamun kifina, in ya janye in ɗan taɓa shinkafa. Lafiya kuwa Allah ya ba ni, har nakan yi wa sa'o'ina gorin zuwa asibiti.

Bayan girbin shinkafa abin ya fara. Ina zaune ina ɗinkin koma, sai mai ɗakina ta tsaya a kaina da ƙwarya a hannu.

"Malam, juyo in ga idonka."

"Shekara da shekaru kina ganinsa, yau ne zai sake?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ƙwaryar ta ɗauko madubi. Na duba, na ga wani tsoho mai ido kamar an zuba masa kwaiduwar ƙwai. Ciwon shawara ke nan, kowa a garinmu ya san shi, kowa kuma likitansa ne. Aka hana ni mai, aka hana ni nama da ƙwai, aka yi ta kawo jiƙe-jiƙen saiwa a robobi, wannan ya fi wancan ɗaci. Na sha har na fara jin tausayin harshena. Fitsari ya koma kamar shayi ba madara. Ƙaiƙayi ya taso mini, irin wanda za ka ga dattijo da gemunsa yana goga baya a jikin bishiya kamar akuya. Wandona ya fara zamewa. Ciwo dai ba wani mai yawa ba, sai dai kullum ina raguwa.

A cikin dokokin shawara akwai babba, wadda ko yaro ya sani a wajenmu: mai shawara ba a yi masa allura. In allura ta shiga jikinsa, to a fara haƙa rami. Mu a gidanmu kuwa wannan ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne. Yayana, wanda ya koya mini jefa birgi, shawara ce ta kama shi muna da ƙuruciyarmu. Aka kai shi asibiti, aka yi masa allura, washegari aka dawo mana da shi a naɗe. Lokacin ina can wajen Baturiya wurin kamun kifi, sai dawowa na yi na tarar da zaman makoki. Tun daga nan ni da allura muka raba hanya.

'Yata ta fari, wadda ke koyarwa a wata makaranta a cikin Haɗeja, ita ta zo ta gan ni, ta ƙi zama. Ta ce, "Baba, sa rigarka." Na ce zan bi ta, amma da sharaɗi. A asibiti da suka zo ɗibar jini sai na tsaya na yi lissafina irin na masu ilimi: dokar ta hana a zuba abu ne, ba ta hana a ɗiba ba. Na miƙa hannu ina jin kaina malamin fiƙihu. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto, likitan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, mu wuce Kano.

A Kano aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da kwalbati, tana ƙara kamar injin casa. Kafin in shiga sai da na sa suka tabbatar mini ba allura. Daga nan muka ga babban likitan ciki, wani mutumin Filato mai sanyin murya, Hausarsa irin ta can. Ya jawo kujera kusa da ni, ya ce, "Baba, in kana gyaran kifi, mene ne kake kiyayewa kada ya fashe?"

Na ce, "Maɗaciya."

Ya ce to ni ma ina da ita, kuma ruwanta yana da hanyar da yake bi ya sauka hanji. A gefen hanyar akwai wata tsoka kwance a bayan tumbi, su suna ce mata fankiriyas. Tawa ta kumbura ta shaƙe hanyar, ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini, shi ne ya rina mini ido. Nan take na gane, don mu ma abin da kacala ke yi mana ke nan. Ciyawar nan in ta cika bakin rafi, ruwa sai ya fasa ya shiga gonar da ba a gayyace shi ba.

Sai ya ce abin da ya kumbura tsokar ne ba a sani ba tukuna. Abu biyu ne suke kama da juna a hoto kamar tagwaye. Ɗaya ciwon daji. Ɗayan kuma garkuwar jikin mutum ce take rikicewa ta koma tana dukan naman jikinsa, kamar a ce 'yan sintirin unguwa su tare maigida a ƙofar gidansa su rufe shi da duka. Na farkon sai babbar tiyata, in ma ya tiyatu. Na biyun sau da yawa ƙwayoyi ne maganinsa. Ya ce ba ya so ya yanka ni a banza, ba ya kuma so ya ba ni ƙwaya alhali daji yana ci. Don haka yana so ya zura wata igiya mai fitila da ido a bakinta, ta bi maƙogwaro ta wuce tumbi, ta je dab da tsokar ta dube ta, sannan a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji. Sunan aikin endoskofi, 'yata ce ta rubuta mini shi.

"Da idona biyu zan haɗiye igiyar?"

"A'a Baba, za mu yi maka allura ka yi barci."

Na miƙe na gyara hulata. Na ce masa na gode, Allah ya saka da alheri. Ya yi bayani, 'yata ta yi kuka, ni kuwa kunnena ya toshe. A duk maganar da bawan Allahn nan ya yi, kalma biyu kaɗai na ɗauko na taho da su gida: daji da allura. Na ce a raina tunda ta ko'ina mutuwa ce, gara ta same ni a kan tabarmata, ina jin ƙanshin banda.

Na dawo gida na shiga shirin tafiya. Ba zan ɓoye ba, akwai ɗan daɗi a cikin zama mai jiran mutuwa. Mutanen da suka shekara ba su taka ƙofata ba sai ga su da sallama a tausashe. Duk abin da na faɗa sai a ce haka ne, ko da shirme ne. Na fara rabon kayana da hannuna, don kada a yi rigima a bayana. Koma ta tafi, fatsa ta tafi. Kwalekwalena kuwa, wanda na fi ji da shi, na kira taubashina na ba shi a gaban mutane.

Wannan taubashin nawa ɗan ƙanwar babana ne, tare muka tashi, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai bawana. Ni ma haka nake ce masa. Da na ce na ba shi kwalekwale, ko kunya bai ji ba.

"Jama'a kun dai ji. Kyauta ce ko aro, bawana?"

"Kyauta ce. Ni na gama da ruwa."

"To madalla. Daman bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne."

Aka yi dariya, har da ni. Mai ɗakina ce kaɗai ba ta yi ba. Da mutane suka watse ta ce, "Malam, kai ka iya mutuwa tun ba a kira ka ba." Ta shige ɗaki. Wannan magana ta tsaya mini a wuya, amma taurin kai ya hana ni haɗiye ta.

Ana nan, wata safiya na ce wa taubashina ya fita da ni kan ruwa in yi masa kallon ƙarshe. Ya ɗora ni a gaba kamar buhun shinkafa, ya kama gwangwala. Muka bi ta cikin kacala har muka fita fili. Ruwa ya kwanta, tsuntsaye suna ta sauka a kan ciyawa, can nesa shanun Fulani suna ƙetarawa sai ƙahoni da tozo ake gani. Na zauna ina jin tausayin kaina. Na lura yau ko tsokanata bai yi ba, abin da ban taɓa gani ba. Can sai ya kafa gwangwala a laka ya tsayar da mu.

"Wai da gaske saboda allura ka gudo?"

Na ce, "Ka manta Yaya?"

"Ni zan manta Yaya? Kai kana Baturiya. Ni na tuƙa shi."

Ya zauna a bakin kwalekwalen. Ya ce tun kafin damina idon Yaya ya canza, aka yi ta ba shi jiƙo har ruwa ya cika ya fara ja baya. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka kumbura. Ranar da aka yarda a kai shi asibiti, ya riga ya daina gane mutane. Ya ce, "A nan wajen, daidai inda muke, ya kalle ni ya kira ni da sunan babanku. Kafin mu kai gaɓa ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. Gawa muka kai musu, bawana, numfashi ne kawai ya rage. Allurar nan ko ba a yi ba, ba zai kwana biyu ba."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Wa zan faɗa wa? Inna tana kuka tana cewa allura ce. In ce mata a'a, zaman da muka yi da shi a gida ne? Sai na bar ta da allurar, ta fi sauƙin ɗauka." Ya share fuska da hular kansa. "Yanzu ga shi ina kallo za a maimaita. Ni ba zan sake tuƙa wani ba sai ya daina gane ni. In za ka je, mu je yau da hankalinka. In ba za ka je ba, ka nemi wani direban."

 Na sunkuya ina kallon ruwa, ruwan nan namu mai launin kunu wanda ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Ni da kaina na sha zagin yaran da ke tsayawa a gaɓa su ce wuri kaza ba zurfi. Sai ka zura gwangwala ta taɓo ƙasa kake da bakin magana. Ga mutum ya ce zai zura tasa ya taɓo mini gaskiyar cikina, ni kuma na tsaya a gaɓa na yanke wa kaina hukunci, har na raba gado. Shekarun nan duka ina riƙe da gabar allura, ashe ita dai tsautsayi ya sa ta zo a ƙarshe.

Na ce, "Juya mu."

Ya miƙe ya zare gwangwala. "Kwalekwalen dai an riga an bayar."

Da muka koma, likitan bai yi mini gori ba. Ya ce, "Baba, sannu da dawowa," kamar kasuwa na je. Aka sa rana, aka hana ni ci da sha tun daren jajibiri, azumi ba lada. Da safe aka sa mini wata riga mai ɗaurin baya wadda ba ta san mutuncin dattijo ba. Na roƙa a nuna mini igiyar. Baƙa ce, kaurinta kamar yatsana, ga 'yar fitila a baki tana ƙyalli. Sai dariya ta kama ni. Ni da na ƙare rayuwata ina zura wa tarwaɗa ƙugiya a maƙogwaro, yau ga ni a kwance za a rama mata.

Aka kwantar da ni ta gefen hagu, aka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙoshi, aka sa mini zoben roba a baki kamar linzami. Nas ta kama bayan hannuna. Nan fa dariya ta ƙare. Duk maganar taubashina tana kaina, amma jikina bai ji ta ba. Na yi kalmar shahada a zuci, na tuna fuskar Yaya. Na ji sanyi yana hawa hannuna.

Da na buɗe ido, fanka na gani tana juyawa a sama. Na ce a raina, to lallai nan ba garinmu ba ne, tunda ga wutar lantarki. Sai fuskar 'yata ta leƙo.

"Baba, an gama."

"An gama me?"

"An leƙa, an fito."

Ban da ɗan kaushin maƙogwaro ba abin da nake ji. An yi wa mai shawara allura, ga shi yana neman koko.

Likita ya nuna mini hoton abin da ya gani. Ni dai ban ga komai ba sai hazo-hazo kamar ruwan kogi da damina, amma na gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. Ya ce tsokar ta kumbura ne gaba ɗayanta, ba wani ƙullutu guda ya gani ba, kuma hakan ya ba shi fata, sai dai kada mu yi guɗa sai naman da ya tsinko ya yi magana. Jiran nan ya fi komai tsawo. Dā da na yanke ƙauna barcina nake yi. Yanzu da aka ɗan buɗe mini ƙofa sai tsoro ya shigo, don na gane ina son rayuwar nan fiye da yadda nake nunawa.

Ranar sakamako ya ce ba a ga daji a naman ba. Abin da aka gani shi ne tarin 'yan sintirin nan sun yi cincirindo inda ba ɓarawo, kuma wani gwajin jini da aka yi shi ma ya karkata can. Duk da haka bai rantse ba. Ya ce zai ɗora ni a kan ƙwayoyi, in dawo a sake hoto. In kumburi ya saɓe, to hasashensu ya tabbata, in bai saɓe ba a sake zama. Na ga mutumin nan ko da ya zura gwangwalarsa, sai ya sake zurawa kafin ya ce ga zurfin. 'Yata ta kifa kai a gwiwata tana kuka, ni kuwa ina ta shafa kanta ina cewa ai daman na sani, alhali ban san komai ba.

Ƙaiƙayi ne ya fara tafiya, sannan ido ya soma washewa. Sai yunwa. Ƙwayoyin nan sun buɗe mini ciki har mai ɗakina ta fara ɓoye tukunya. Fuskata ta yi fam kamar ta sabon ɗan siyasa. An gargaɗe ni kada in yanke maganin da kaina, sai dai a riƙa rage shi a hankali, ana kuma duba sukarin jinina don yakan tashi. Da aka sake hoto, kumburi ya saɓe, hanya ta buɗe. Likita ya ce ciwon yakan yi kome, wato ya dawo, don haka har yau ina zuwa a duba ni, kuma ni da ƙafata nake zuwa, ba a jan ni.

Da ƙarfi ya dawo sai na nufi bakin ruwa. Na tarar da taubashina yana kwashe ruwa daga kwalekwale, har ya sake masa fenti.

"Bawana, na zo karɓar kayana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane kaya? Na marigayi?"

"Ga ni tsaye kana cewa marigayi?"

"Ni dai wanda ya ba ni ya ce ya gama da ruwa, a gaban shaidu. Kai ban san ka ba. Amma in aiki kake nema, ina da gurbin mai tuƙi."

Kyautar da aka yi a gaban jama'a ba a komawa a karɓe ta, sai mutum ya shirya zama abin nuni a gari. Har yau ɗin nan da nake wannan rubutu, kwalekwalen nasa ne. Ni nake kama gwangwala, shi yana zaune a gaba ya miƙe ƙafa yana ba ni umarni, kifin kuma mu raba. Mutane suna yi mini dariya, ina taya su. A raina kuwa na san bai ci ni da tsada ba. Duk sanda muka zo daidai wurin nan da ya tsayar da mu, mukan tsaya mu biyun, in yi wa Yaya addu'a, shi ya shafa.

Yanzu in na ga mai rawayan ido a garinmu ba na ce masa ciwona ne da shi, don shawara iri-iri ce, wata mai sauƙi wata mai nauyi, ni ma sa'a na yi tawa ta zo da magani. Abin da nake ce masa shi ne ya tafi tun yana gane mutane. Abin da wannan lamari ya koya mini ke nan: mukan ɗora laifi a kan abin da ya zo a ƙarshe, mu manta da dogon zaman da muka yi kafin ya zo. Ajali na Allah ne, amma ba a ce ka tsaya a gaɓa ka yanke wa kanka shi ba. Ka bari wanda ya iya ya leƙa ya gani. Kuma don Allah, kome tsananin ciwo, kada ka ba taubashinka kwalekwale sai likita ya gama magana.